Shekarar da Baba Ya Jira Gwamnati Ta Taya

Na sha jin ku, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Auwalu, kuna faɗa wa abokanku cewa ma'aikatan gwamnati sun cuci kakanku, sun ƙwace masa kwangilar jiragen ruwan makaranta sun ba wani. Ban san inda kuka tsinto labarin a haka ba. Wataƙila a bakin ruwa ne, inda kowace magana take yin ƙiba kafin ta iso gida. Ni ina wurin. Ina aji ɗaya na sakandare a lokacin, yarinyar da ba a jin muryarta, wadda in baƙo ya yi sallama take laɓewa bayan randa. Amma wanda ba ya magana yana da lokacin kallo, ni kuwa na kalla. Babu wanda ya cuci Baba. Ina so ku san abin yadda ya faru tun ina tuna shi da kyau.

Sana'ar Baba haɗa jirgin ruwa ce. Rumfarsa tana bakin ruwa a Yelwa, gefen inda mata ke shanya ƙananan kifin nan da muke kira warangi, tun daga nesa kana jin ƙamshin katakon maɗaci da warin kwalta suna kokawa. Idan na kai masa abincin rana nakan zauna a kan guntun katako kamar mai jiran kwano, alhali ciniki nake kallo. A wurin Baba ciniki ba abin gaggawa ba ne. Masunci zai zo daga gungu, wato ƙauyukan da ke tsakiyar ruwa, a shimfiɗa masa buzu, a ɓare goro, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da tsohuwa mai ciwon ƙafa. Sai can Baba ya sa wa jirgi suna, kuɗin da shi kansa ya san babu mai biya. Masunci ya riƙe baki ya ce haba Malam, jirgin sama na ce ka haɗa min? Ya taya da abin da ko ƙusa ba zai saya ba. Baba ya ce albarka. A haka za su yi ta matsowa, wannan ya sauko, wancan ya hau, har su haɗu a inda tun farko kowa ya san nan za a haɗu. Baba ya ce ya sallama, a shafa fatiha. Na taɓa jin yana yi wa Yaya Auwalu faɗa don ya faɗa wa wani mutum kuɗin filafilin tuƙa jirgi na ƙarshe kai tsaye.

"Ka rufe wa bawan Allah baki," in ji shi. "Mai saye da bai rage komi ba, mi zai faɗa wa matarsa in ya koma gida? Ka bar wa mutum wurin da zai ji shi ma ya yi ƙoƙari. Wannan shi ne mutunci."

Shekarar da nake ba ku labari ruwa ya ja baya da wuri, kifi ya yi ƙaranci, masunta suka koma toshe tsofaffin jiragensu da tsumma maimakon su sa a haɗa sabo. Rumfar Baba ta yi shiru. Gizagonsa da zartonsa suna rataye, yakan sauke su ya wasa, ya mayar. Inna ta fara ƙara wa miya ruwa, tana cewa ai zafi ake yi, miya mai kauri nauyi take sa wa. A lokacin ne samarin unguwarmu suka fara tafiya daji haƙar zinari. Wasu sukan dawo da sabon babur da agogo, suna tafiya kamar hanya ta yi musu kaɗan. Wani kuma, ɗan maƙwabtanmu da suka yi wasan ƙasa da Yaya, a naɗe cikin tabarma aka sauko da shi daga bayan mota, rami ya rufta da shi. Duk da haka, ba a daɗe da tashi daga zaman makoki ba, Yaya Auwalu ya sami Baba a zaure, ya durƙusa, ya ce shi ma yana so ya tafi. Ina bayan ƙyaure da buta a hannu, na kasa shiga, na kasa komawa.

"Ka ga abin da aka sauke a ƙofar maƙwabta," Baba ya ce.

"Na gani, Baba. Na kuma ga tukunyar gidan ga."

Baba ya daɗe yana jan carbi. "Aiki zai zo."

"In ya zo, ina nan. In bai zo ba, ka yi min izini."

Yaya ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban kowa. "Yaron ga" kawai take ce masa. Ba ta da bakin da za ta ce kar ka tafi. Abin da na lura shi ne daga ranar kwanonsa ya fi na kowa nauyi, kuma in ya fita takan bi ƙofa da kallo, hannunta yana ta tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Ana cikin haka aka sanar a rediyo, aka kuma liƙa takarda a sakatariya, cewa ƙaramar hukuma za ta sayi manyan jirage biyu masu ɗaukar inji, don ƙetarar da 'yan makaranta da ma'aikatan asibiti tsakanin gari da ƙauyukan gungu. Duk wanda zai iya, ya nema. Baba bai taɓa sayar wa gwamnati ko filafili ba, amma aikin zai riƙe rumfa har bayan damina, kuma ba aikin da mutum ɗaya zai yi ba ne. Kowa a gidan ya san abin da wannan ke nufi ga tafiyar Yaya, babu wanda ya faɗa. Sai dai gwamnati ba ta zuwa rumfa ta zauna a kan buzu. Sai ka yi wa sana'arka rajista, ka kawo shaidar biyan haraji, ka sayi takardun neman aikin, ka liƙa hoto. Inna ta aika tumakinta kasuwa ba tare da kowa ya tambaye ta ba, ta ajiye abin da aka samu a ƙarƙashin buzun sallar Baba. Ranar da aka ɗauke shi hoto ya ɗaure fuska kamar za a yi masa allura, da hoton ya fito Inna ta juya shi ta ce wannan mutumin in ta haɗu da shi a hanya za ta sake hanya.

Saboda Turanci, Baba ya riƙa tafiya da ni sakatariya. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, Rabi, shi ya sa bai taɓa kirana da shi ba, Uwata yake ce min. A sakatariyar ne muka haɗu da Ɗanjuma. Ku da Alhaji kuka san shi, mu kuwa a gidanmu ya tashi. Maraya ne da aka kawo daga wajen Shanga ya koyi aiki, kwano ɗaya yake ci da Yaya, shi yake ɗora ni a wuya in ga jiragen da ke shigowa. Wata shekara, ana tsakiyar wani babban aiki, ya ajiye kayan aiki ya bi wani ɗan kwangila yana riƙe masa jaka. Aikin ya makara, mai jirgin ya yi wa Baba magana mai zafi a gaban mutane. A ranar Baba ya faɗa a bakin ruwa, kowa yana ji, cewa ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci daga hannun wanda ya ajiye gizago ya ɗauki jakar wani ba. Yanzu Ɗanjuma ya buɗe kamfaninsa, yana da shago da tebur a cikin kasuwa, yana kai wa makarantu benci da alli. Da ya hango mu ya taho da sauri ya durƙusa a kan simintin barandar, farar shaddarsa tana shafar ƙasa. Baba ya amsa gaisuwar yana kallon bango.

"Baba, in kan aikin jiragen ga ne ka zo, akwai abin da nake so in..."

"Uwata, mu tafi."

Na waiwaya na ga Ɗanjuma yana nan a durƙushe, bakinsa a buɗe da sauran maganar.

Ni na cike takardun, bayan la'asar, a zaure, domin rubutun Yaya kamar kaza ta yi tono ne. An faɗi tsawon jirgi da faɗinsa, da irin katakon da ake so da kaurinsa, da ranar da za a rufe karɓa. A ƙasa aka bar fili don mai nema ya rubuta kuɗinsa. Baba da Yaya suka lissafa katako da ƙusa da kwalta da ladan hannu, suka tsaya a kan abin da zai fitar da su har da ɗan abin sawa a baki. Na ɗaga biro zan rubuta, Baba ya riƙe min hannu, ya faɗi wani kuɗi da ya yi wa wancan nisa.

"Bai yi yawa ba, Baba?" in ji Yaya.

"Gwamnati ce fa. Babban mai saye babban ragi yake so. In ka kai masu na gaskiya tun farko, ina za su rage? Cikin namanka?"

Daga bayan ƙyaure muryar Inna ta fito. "Ƙara masu kaɗan ma, Malam, kada su ce mun raina su."

Muka yi dariya, har da Yaya, dariyar da gidan ya daɗe bai ji ba. Na rubuta abin da aka ce, na yi wa kowane sifiri da'ira mai kyau. Babu inda takardun suka ce ba a ciniki. Ina jin waɗanda suka rubuta su sun ɗauka kowa ya sani, kamar yadda Baba bai taɓa rubuta wa a jikin rumfarsa cewa a nan ana tayi ba. Aka sa su a ambulan, aka liƙe da ƙaro, Baba ya tofa addu'a a kai. A sakatariya wani masinja ya nuna mana koren akwatin ƙarfe mai tsaga a sama, da kwaɗo biyu a jikinsa.

"Wa zan gani?" Baba ya tambaye shi.

"Ba kowa, Baba. Jefawa kawai za ka yi."

Baba ya leƙa tsagar da ido ɗaya, kamar yana tsammanin akwai wani a zaune a ciki. Sannan ya yi bisimilla ya saki.

Ranar buɗe akwati Baba ya sa babbar rigarsa ta salla mai warin kafur, Yaya ya sa hula, ni kuma aka karɓo min izini daga makaranta. Zauren taron yana da fanka mai kuka duk juyi ɗaya, da benci a jere. Masu neman aikin ba su da yawa, yawancinsu da jaka a cinya. Ɗanjuma yana gefe, bai yarda ya kalli inda muke ba. A gaba akwai dogon tebur, a tsakiyarsa wani dattijo mai furfura a gemu, shi ne shugaban kwamitin. Mutum biyu daban-daban suka fito da mabuɗi, kowa ya buɗe kwaɗonsa. Duk ambulan da aka ciro sai an ɗaga shi sama kowa ya ga ba a taɓa bakinsa ba, sannan a yaga, a karanta suna da kuɗi da ƙarfi, wani matashi ya rubuta a allo. Na Baba ne ya fi na kowa yawa, nesa ba kusa ba. Na kalle shi cikin tsoro, na ga murmushi yake yi. Ya sunkuyo ya raɗa min cewa waɗannan yara ne, sun zubar da kayansu tun ba a fara ba. Hannuwansa suna kan gwiwarsa, ya wanke su da sabulu har sau nawa amma kwaltar da ke ƙarƙashin farcensa tana nan.

Da aka gama karantawa dattijon ya fara godiya zai rufe taro. Sai Baba ya miƙe, ya gyara hannun rigarsa, ya yi gyaran murya irin wadda yake yi in an gama cin goro.

"Ranka ya daɗe, an ji sunan da na sa. To, ku nawa kuka saya?"

Zauren ya yi tsit, fanka kaɗai ke kuka. Sannan wani a baya ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Na ji Yaya ya sandare a gefena. Dattijon ya ɗaga hannu, bai sauke ba sai da aka yi shiru. Ya cire tabaronsa, ya bar Turanci ya koma Hausa.

"Malam, a nan ba a tayi. Abin da mutum ya rubuta shi ne maganarsa ta farko, shi ne ta ƙarshe."

"Saye babu tayi?"

"Kuɗin ba nawa ba ne, Malam, na jama'a ne, har da kai. In na zauna da kai muka yi ciniki, gobe a ce don na san ka ne, ko don ka ba ni wani abu. In kuma na bari ka rage yanzu da ka ji na kowa, wancan ma zai rage, wanda ya rufe nasa da gaskiya shi aka zalunta. Shi ya sa ake rufewa, a buɗe gaban kowa."

Baba ya juya maganar a ransa. Na ga ya gane, na kuma ga lokacin da ganewar ta isa inda take ciwo.

"To ai ni ban faɗi kuɗina na gaskiya ba tukuna," ya ce a hankali.

"Shi muka tambaya, Malam," in ji dattijon. Babu izgili a muryarsa ko kaɗan. "Allah ya sa da rabonka a gaba."

A waje rana ta yi zafi. Muka yi tafiya mai nisa, takalmin Baba da ba ya sawa sai salla yana ta ƙara.

"Dariya suka yi maka, Baba," Yaya ya ce.

"Abin dariya ne. Da wani ne ya yi, da ni ma na dara."

Kwamitin ya ɗauki lokaci yana duba takardun kowa, sannan aka liƙa sakamako. Kamfanin Ɗanjuma aka ba. Kuɗin da Baba da Yaya suka tsaya a kai a zaure, wanda na ɗaga biro zan rubuta, bai kai na Ɗanjuma ba; da shi na rubuta, da Baba aka ba. Mu uku mun sani, kuma babu wanda ya taɓa furta shi a gidan. Yaya ya sake samun Baba ya ce ranar kasuwa mai zuwa akwai motar da za ta kai samari wajen haƙa, ya riga ya yi magana da direban. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, domin shi ya ce aiki zai zo. Ɗanjuma kuwa ya daɗe da barin gizago, dole sai ya ba wasu su haɗa masa. Mata suka kawo wa Inna labarin cewa ƙetaren ruwa zai kai aikin, wurin wasu masu haɗa jirgi, tunda ba shi da fuskar da zai tunkari Baba. Ranar kasuwa ta rage kwana ɗaya, da safe, Inna ta ajiye wa Baba koko ta ƙi tashi.

"Malam, an ce ƙetare zai kai aikin."

"Ya kai."

"Ni ban ce komi ba." Ta gyara ludayi a cikin ƙwarya. "Na dai wanke wa yaron ga kayansa. Sun bushe."

Ta tashi ta shige ɗaki. Baba ya zauna a gaban kokon har ya yi fata a sama. Sannan ya shiga ya fito da tsohuwar rigarsa ta aiki mai ɗigon kwalta, ya saɓa gizago a kafaɗa.

"Uwata, taho. Ko da takarda ki karanta min."

Akwai hanyar bayan gari da za ta kai mu shagon Ɗanjuma ba tare da kowa ya gan mu ba. Baba ya bi ta tsakiyar kasuwa. Muka wuce masu kifi, muka wuce masu raga da ƙugiya, mutanen da suke tsaye a bakin ruwa ranar da ya yi waccan magana. Ana gaishe shi yana amsawa, ana bin gizagon da kallo. Ni idona yana kan dugadugansa, duk sun tsage, ƙura ta cika tsagar. A ƙofar shagon akwai mutane a kan benci suna hira. Ɗanjuma yana bayan tebur. Da ya ga wanda ke tsaye a ƙofa ya zabura har hularsa ta faɗi, ya zagayo ya durƙusa.

"Salamu alaikum," in ji Baba. "Na ji ana neman masu aiki."

"Baba, don girman Allah ka shigo ka zauna. Da aike ka yi, da gudu zan zo."

"Mai neman aiki shi ke zuwa."

Wani tsoho a kan bencin, abokin wasan Baba tun suna yara, ya karkace hula ya ce, "A'a, Malam Garba! Ashe yunwar ta kusa?"

"Ta iso ma, har ta yi sallama," Baba ya ce, bai juya ba. "Amma ba ita ta kawo ni ba."

Tsohon ya buɗe baki zai ƙara, ya kalli fuskar Baba, ya mayar da hularsa daidai. Ɗanjuma ya ƙi komawa kujerarsa, sai a ƙasa ya zauna ya yi bayani, Baba yana tsaye. Ya ce dole a bi awon da ke takarda ko da Baba yana ganin wani ya fi. Ya ce injiniyan hukuma zai riƙa zuwa dubawa, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai an karɓi jiragen. Ya faɗi abin da zai iya ba masu aiki, wanda bai kai abin da Baba zai samu ba da shi aka ba kwangilar. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce sunan kamfaninsa za a rubuta a jikin jiragen, haka ƙa'idar take.

"Rubuta sunan wanda ka ga dama," in ji Baba. "Abu guda nake so. Auwalu ne babban mai aiki. Shi za ka damƙa wa katako, shi injiniya zai tambaya. Ni mataimakinsa ne."

Ɗanjuma ya share ido da bakin hannun rigarsa. "Ran nan a sakatariya, Baba, abin da na so in faɗa maka ke nan. Cewa ba a ragi."

"Na sani. A zauren na gane." Baba ya gyara gizagon a kafaɗa. "Tashi, kana ɓata shadda."

Kada ku ɗauka abin ya tsaya a nan. Har Baba ya bar duniya akwai masu ce masa yaron Ɗanjuma a bayan idonsa, wasu ma a gabansa in an yi saɓani. Mutum ne da maganarsa ɗaya ce a bakin ruwa, ya taka ta da ƙafarsa a tsakiyar kasuwa, kuma bayan haka bai ƙara ɗaga murya a majalisa kamar da ba. Ranar da aka tura jiragen ruwa, manya suka zo, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto da Ɗanjuma, Baba yana can baya cikin masu riƙe igiya. Ina jin masu ƙaunarsa ne suka ƙirƙiro zancen cewa an cuce shi, don su rufa masa asiri. Na gode musu, amma in aka ce ƙwace masa aka yi, an shafe abin da ya yi da kansa, wanda ya fi kwangilar nauyi.

Da muka dawo gida ranar, Yaya yana tsakar gida yana ɗaure bakin jakarsa da igiya. Inna tana daka a gindin bango, ta ba shi baya. Baba ya rataye gizago, ya zauna a kan turmin da aka kife, ya fara cire takalmi.

"Katako zai iso jibi," ya ce.

Yaya ya ɗago. "Katakon wa?"

"Na Ɗanjuma."

"Shi ya zo?"

Baba ya ci gaba da kakkaɓe takalminsa kamar bai ji ba. Yaya ya juyo ya kalle ni. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na ji bakina ya buɗe.

"Mu muka je."

"Ta ina?"

"Ta kasuwa."

Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Yaya ya kalli gizagon da ke rataye, ya kalli rigar aikin, sannan idonsa ya sauka a kan ƙafafun Baba ya daɗe a can. Igiyar jakar tana naɗe a yatsansa har yatsan ya yi fari. 

"Ɗanjuma ya manta katako," ya ce, muryarsa a dushe. "Ɗanye za su sayar masa. Sai dai in bi shi in zaɓa da kaina."

"Kai ne mai aikin," in ji Baba. "Yadda ka ce haka za a yi."

Taɓarya ta sauka a turmi, ta sake sauka, da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Inna ba ta juyo ba. Sai da ta yi daka mai yawa sannan ta ce, fuskarta tana kallon bango:

"Ke, zo ki kwashe kayan yaron ga ki mayar ɗaki. Sun tare min hanya."